Ɗaukar sautin jita: makirfo ko fikof? Tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu

Duk maganar nan a kan jitar katako ce, mai rami a tsakiya wadda ke bada sauti ko babu wuta, ba ta lantarki da ake jonawa a amfilifaya ba, duk da wasu abubuwan sun shafe su su biyun. Tambayoyin kuma irin waɗanda masu ƙananan situdiyo da yara masu koyon kiɗa ke ta maimaitawa ne, shi yasa na tara su wuri guda.

Oga wai meye bambancin ɗauka da makirfo da ɗauka da fikof, ba duk jitar ɗaya bace?

Jitar ɗaya ce amma abin da kowannensu ke ji daban ne. Waya ita kaɗai kusan bata da murya, girgizarta ce ke bi ta birij, wato katakon da wayoyin ke hawa a kai, ta shiga allon gaba, allon ya motsa iska, iskar da ke cikin akwatin ta fito ta rami, wuyan jitar ma ya bada nasa, sai duk su haɗu a waje ɗan nesa da mai kiɗan, to wannan haɗin shi kunnenka ya sani a matsayin sautin jita kuma shi makirfo ke ɗauka, har da ɗakin da kake ciki. Fikof kuwa, wato 'yar na'urar da ke maida girgiza ta zama wuta, a jiki yake manne, girgizar wuri ɗaya tak yake ji, kamar likita ya ɗora abin sauraronsa a ƙirjinka, bugun zuciya zai ji tsaf amma muryarka ba zata zo masa yadda mutane ke jinta ba. Shi yasa sautin fikof yake fitowa a bushe, da wani kwak kwak kamar roba in ka buga da ƙarfi.

Amma fa yana da ranarsa. Fikof baya jin babur, baya jin janaretan maƙwabci, baya jin yaran layi suna ƙwallo. A ra'ayina in wuri shiru ne makirfo ya fi nesa ba kusa ba, in wuri ba shiru fikof ne zai fitar da kai kunya, in kuma saun kad ɗinka, akwatin da ke shigar da sauti kwamfuta, mai baki biyu ne ka ɗauki duka biyun a lokaci ɗaya kowanne a layinsa, daga baya ka zaɓa.

Fikof ɗin iri nawa ne, kuma ya zan gane wanda ke jikin tawa?

Waɗanda zaka fi haɗuwa da su uku ne. Akwai fiyezo, wani siririn abu da ake kwantarwa ƙarƙashin farin ƙashin nan na birij, ba a ganinsa daga waje, in jitarka na da ɗan akwati a gefe mai maɓallan bass da treble da wurin batir to kusan tabbas shi ne a ciki. Aikinsa ya dogara da wasu duwatsu da tangaran da ke fitar da 'yar wuta in an matse su, abin da Pierre Curie da ɗan'uwansa Jacques suka gano a Faransa a 1880, kamfanin Ovation na Amurka kuma shi ya yaɗa shi a jikin jita a farkon shekarun 1970. Mai kamfanin, Charles Kaman, asalin sana'arsa ƙera jirgi mai saukar ungulu ce, kaga ikon Allah.

Na biyu mai maganaɗisu, wanda ake maƙalawa a bakin ramin, shi ƙarfen waya yake ji dan haka a jita mai wayoyin nailan aikin banza ne, ko ƙis ba zai yi ba. Sautinsa ya fi laushi amma yana ɗan karkata zuwa na jitar lantarki. Na uku ƴan faifai ne da ake mannawa a jikin katako, ta ciki ƙarƙashin birij irin K&K Pure Mini, ko ta waje da ɗanko irin masu arha na kasuwa, su sun fi jin katakon amma sun fi saurin kuka a gaban sifika. Akwai kuma masu tsada da suka haɗa fiyezo da ɗan makirfo a cikin akwatin, irin LR Baggs Anthem.

Wane makirfo zan saya? Kuɗina ba yawa.

In kana da makirfon murya kondensa a situdiyo, irin AT2020 ko Rode NT1-A, kar ka sayi komai, shi ma ya isa. Kondensa ya fi kama ƙananan abubuwa, shigar fik, ɗan robar kaɗawa, a waya, ƙyallin sama sama, amma sai da wutar 48V daga saun kad, ka jona waya tukuna sannan ka danna maɓallin, sifika a rage. Waɗanda aka fi sani da aikin jita su ne ƙananan nan sirara masu kama da alƙalami, na manya Neumann KM 184, na tsakiya Rode NT5, na talaka Behringer C-2 da ake sayarwa biyu a kwali.

Dainamik irin Shure SM57, wanda tun 1965 ake yinsa, baya buƙatar wuta, kuma tunda kusa ake sa shi ɗakin baya shiga sosai, sai dai zaka ƙara gen, wato ƙarfin shigar sauti, da yawa, in saun kad ɗin mai rauni ne sai shuuu ta biyo. A ɗaki mara kyau ni na fi yarda da shi a kan kondensa mai tsada. Ka dai kula, SM57 da SM58 suna cikin waɗanda aka fi yi wa jabu a duniya, in farashin yayi daɗi fiye da kima ka san akwai magana.

Makirfon BM-800 da saun kad V8 nake da su, zasu yi?

Na gwaji da TikTok zasu yi. Na waƙar da zaka saki, da wuya. V8 dan masu laif aka yi shi, eko ne cike a ciki kuma galibinsu basa bada 48V, ka kashe ekon gaba ɗaya in dole da shi zaka yi. In ka samu hali, ko Behringer UMC22 ko Focusrite Scarlett ka fara nema kafin sabon makirfo.

To a ina zan saita makirfon? Ni a bakin ramin nake sawa tunda nan sautin yake fitowa.

Nan ne kusan kowa ke ɓata aikinsa. Ramin ba bakin jita bane, hanyar numfashin akwatin ce, abin da ke fita ta nan mafi yawa gurnani ne na ƙasa wajen 100 Hz, ga shi kuma makirfo irin namu masu jin gaba kawai duk sanda ka matso da su kusa da abu sai sun ƙara bass da kansu, to ka haɗa biyun nan sai kaji bum bum bum, kowane kod ya cakuɗe da ɗan'uwansa, ka zauna kana ta yanka da EQ, abin rage ko ƙara bass da treble, har dare bai gyaru ba.

Ka fara daga firet na 12, firet su ne ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita, ko inda wuya ya haɗu da jiki, nisan kamar taƙi ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wato santimita 20 zuwa 30, makirfon yana kallon wurin. Daga nan sai aikin kunne. Ka sa hedfon, mai kiɗa yana kaɗa ainihin abin da zai kaɗa a waƙar ba wani abu daban ba, kai kuma ka riƙe makirfon a hannu kana matsar da shi a hankali. Ka juya bakinsa kaɗan wajen rami zakaji jiki ya ƙaru, ka juya wajen wuya zakaji ya sirance ƙarar yatsu ta fito, ka gangara bayan birij zakaji tsakiya ta cika, katako katako, ƙyalli ya ragu. Ja da baya kuma yana haɗe sautin ya zama ɗaya amma ɗaki na shigowa. Motsin yatsa biyu kawai yana canja abu fiye da yadda canja makirfo zai canja, wallahi wanda bai gwada ba ba zai yarda ba. Inda kaji yayi, nan zaka kafa sitand, ka ɗan manna salatif a ƙasa daidai ƙafar kujera saboda mai kiɗa zai tashi shan ruwa ya dawo ya zauna a wani wuri daban.

In kai kaɗai ne ba mai riƙe maka, ka kafa makirfon ka riƙa juya jikinka da jitar, abu ɗaya ne. Ka ɗauki sakan goma goma a wurare daban daban kana faɗin inda kake kafin kowanne, sannan ka cire hedfon ka saurara a sifika.

Wata dabarar da ba a cika yi ba: makirfo ta saman kafaɗar dama yana kallon ƙasa wajen birij, daidai kunnen mai kiɗan. Masu cewa "ni ba haka nake jinta ba in ina kaɗawa" wannan ne maganinsu, sai dai numfashi na shiga.

Na jona fikof a saun kad sai sautin ya fito siriri ba ƙarfi, ya lalace ne?

Da wuya. Duba abu biyu. Na farko batir, 9V ne, in ya kusa mutuwa sauti na raguwa yana kakkaryewa, kuma ka sani muddin waya na soke a jikin jita batir na ci ko ba ka kaɗawa, saboda soketin shi ne makunnin, ka riƙa zarewa in ka gama. Na biyu maɓallin INST ko Hi-Z a saun kad. Fiyezo mara batir yana son mashiga mai juriyar om miliyan 1 ko sama, bakin layi na miksa kuwa wajen om dubu 10 ne, in ka sa shi a nan bass ɗin gaba ɗaya sai ya zube a hanya, abin da ya rage sai tsin tsin. Danna INST, ko ka bi ta akwatin DI mai amfani da wuta, wanda ke daidaita sautin jita da bakin makirfo na miksa. In kuma cikin wayoyin da kake kaɗawa ɗaya ce ko biyu basa fitowa kamar sauran, ƙashin birij ne bai zauna daidai a kan fiyezon ba, sai an cire an daidaita ƙasansa.

Akwai wani zzzz da baya tafiya, musamman in an tada inji. Ya zanyi?

Wutarmu a Najeriya da Nijar 50 Hz ce, wannan gurnanin da 'ya'yansa 100 da 150 su kake ji. Na janareta ya fi ban haushi saboda gudunsa na hawa da sauka in an kunna firij ko ayan, dan haka ko ka yanke 50 da EQ sai ya zame gefe. Ƙananan inbata masu arha su ma suna da nasu zzzz mai kaifi.

Mafi sauƙin magani: caja laftof ya cika, zare caja, saun kad ya ci wuta daga USB, hedfon a kunne, sifika a kashe. Sau da yawa nan take zakaji shiru. In bai tafi ba canja wayar da ke haɗa jita da saun kad, gajera mai kyau, kar ta kwanta kan wayar wuta ko kusa da sitabilaiza. Fikof mai maganaɗisu yana jan ƙara daga caja da ƙwan fitila mai tsawo, ka ɗan juya da kujerarka zakaji wani ɓangaren ya fi shiru, ka zauna a haka. In kana taɓa ƙarfen soket ƙarar na ɗaukewa to matsalar at ce, wato wayar ƙasa ta wuta, ko rufin wayoyin cikin jitar. DI mai maɓallin ɗage at yana taimakawa in ka haɗa na'urori biyu da kowacce ke da filoginta.

Ɗakina siminti ne da tayil, in manna kiret ɗin ƙwai?

A'a. Kiret baya tare ƙarar waje, abin da yake sha na amsa-kuwwa kuma kaɗan ne, sai tara ƙura da kyankyaso. Abu mai kauri da laushi ake so: katifa a jingine, bargo mai nauyi, labule, kafet, buɗaɗɗen wadirof cike da kaya. Tsaya tsakiyar ɗaki ka tafa sau ɗaya, in kaji wani tirrr ya biyo baya to bango biyu ne ke jifan juna da sauti, rufe ɗaya daga ciki.

Abin da mutane ke mantawa, makirfon bayansa kurma ne gabansa ke ji, kuma gabansa kai yake kallo da bangon da ke bayanka, dan haka katifar a bayan mai kiɗa ta fi amfani. Kar ka zauna a kusurwa, bass na taruwa a nan. Kar kuma ka lulluɓe ɗakin duka ya mutu murus, jita na son ɗan fili, tabarma ko tayil a ƙarƙashin ƙafarka ba laifi bane. Fanka da AC a kashe, eh na san zafi, ka ɗauka minti biyar ka kunna ka huta. Lokaci kuma tsakar dare ko bayan asuba kafin gari ya tashi, in rufin kwano ne da damina kuwa sai dai ka jira ruwa ya ɗauke.

Na haɗa makirfo da fikof kamar yadda ake cewa, sai sautin ya zama kamar a cikin bututu. Me ya faru?

Basu iso tare bane. Na fikof ta waya yake zuwa nan take, na makirfo sai ya bi iska, sauti kuma yana tafiyar mita 343 a sakan, wato santimita 30 zai ci kusan kashi 1 cikin 1000 na sakan. Kaɗan ne a ido amma ya isa wasu sautuka su cinye juna. Buɗe layukan biyu a FL Studio ko Cubase ko duk abin da kake amfani da shi, zuƙo hoton sosai a daidai bugun farko, zakaga na fikof ya riga, ja shi dama kaɗan ya ɗan makara har tudun ya hau kan tudu. In ɗaya na hawa ɗaya na sauka, danna maɓallin juya fes, mai kife hoton sautin, a ɗaya daga ciki. Inda bass ya fi cika nan ne daidai.

Wajen haɗawa kuma ba rabi da rabi ba. Makirfo a gaba, fikof a ƙasa can yana ɗan tallafa masa, in ka kashe shi kaji an rasa wani abu amma in yana kunne baka gane shi ba, to ya zauna.

Makirfo biyu fa, dole ne?

Ba dole. In jita zata shiga cikin bit da ganga da fiyano da muryoyi, ɗaya ya wadatar. In ita kaɗai ce da murya to biyu na bada faɗi. Mafi aminci ka haɗa kawunansu wuri ɗaya a gicciye, digiri 90, wanda ake kira XY, baya kawo rikicin fes. Akwai tsarin ORTF da gidan rediyon Faransa ya fito da shi wajen 1960, tazarar santimita 17 da buɗewar digiri 110, ya fi faɗi. Ko ɗaya a firet 12 ɗaya a bayan birij, nan sai ka sa tazarar da ke tsakaninsu ta kai ninki uku na nisansu da jitar. Ko wanne kayi ka saurara a mono kafin ka saki, saboda masu jin waƙarka yawancinsu a sifikar waya ne ko MP mai baki ɗaya.

In makirfo ɗaya gare ka kuma kana son faɗi, kaɗa abin sau biyu, ɗaya hagu ɗaya dama. Kwafe layi ɗaya ka liƙa ba zai baka wannan ba.

Ina so in rera ina kaɗawa lokaci ɗaya, zai yiwu?

Zai yiwu, kuma wasu mawaƙan in ka raba su da jitarsu waƙar bata fita. Matsalar ita ce jita zata shiga makirfon murya, mu kuma nan ba a rabuwa da otocun, manhajar daidaita murya, to duk abin da ya shiga layin murya otocun zai murɗa shi, sai kaji jitar tana wani lanƙwashewa a bayan muryar ba ka san daga ina ba. Dan haka in za a sa otocun, a ɗauki jita daban murya daban. In ba za a sa ba, dainamik dab da baki yana ɗan kallon sama, na jita yana kallon ƙasa, ga fikof a layi na uku in akwai wuri. In mutum ya kasa kaɗawa ba tare da rerawa ba, ku fara ɗaukar na gwaji tare, sannan ya bi shi a hedfon ya sake kowanne shi kaɗai.

Gen nawa zan sa, kuma a wane fomat?

Mai kiɗa ya buga wurin da ya fi ƙarfi a waƙar, ka saita mita ta tsaya tsakanin -12 da -6, ja kar ya taɓa fitowa. 24 bit, WAV, 44.1 kHz in waƙa ce, 48 in ta fim ce ko bidiyo. In sautin na makara a hedfon kunna dairek monita ko ka rage bofa zuwa 128. In zaka tura wa mai miksin ta WhatsApp ka tura a matsayin dokumen, in ba haka ba an matse shi.

EQ da kwamfiresa fa, akwai lambobin da zan bi?

Akwai na farawa, ba na haddacewa ba. Waya mafi kauri a jita 82 Hz take, duk abin da ke ƙasa da 70 motsin ƙafa ne da motar da ta wuce, yanke shi. In cikin kiɗa mai bass ne kana iya haurawa 120 ko fi. Gurnani yana zaune tsakanin 100 da 250, rage kaɗan. Kwak ɗin fiyezo ka neme shi tsakanin 1 da 3 kHz. Kwamfiresa, mai danne wuraren da suka fi ƙarfi, 2:1 ko 3:1, kar ya danne fiye da dB 3 ko 4, in ka matse da yawa ƙarar yatsu da numfashi ne zasu taso. Ribab, wato amon ɗaki, kaɗan, wanda aka ɗauka da fikof ya fi buƙatarsa tunda ba ɗaki a cikinsa.

Ga wanda fikof kaɗai gare shi akwai abin da ake kira IR, wani ɗan fayil ne da aka auno daga jitar da aka ɗauka da makirfo, ka ɗora shi a layin fikof sai ya ara masa jiki. Fishman Aura da ToneDexter irin aikin da suke yi kenan. Baya zama makirfo amma yana rage robar sosai.

Da hunturu jitata ta fara zizza, har allon ya ɗan tsage. Laifin me?

Bushewa. Masu ƙera jita irin Martin da Taylor suna cewa a ajiye ta a danshin kashi 45 zuwa 55 cikin 100, a Kano ko Damagaram kuwa da hunturu yana faɗuwa ƙasa da 20. Katako sai ya tsuke, allon gaba ya lotsa, wayoyi su sauko su riƙa taɓa firet, bakin firet ya fito yana yankar hannu, in abin yayi nisa ya tsage, kuma mai tsadar da aka yi da katako zalla ita ta fi saurin tsagewa a kan mai arha ta falawud. Duk wannan zizzar makirfo zai kwashe ta tas. Ka ajiye ta a jakarta a rufe, da soso mai ɗan danshi a cikin kwalin sabulu da ka huhhuda, kar ruwa ya taɓa katakon, ka riƙa duba shi duk bayan kwana biyu. Kar a bar ta a but ɗin mota da rana. Da damina kuma akasin haka, allon na kumbura wayoyi su yi sama su yi tsatsa, sai ka jefa 'yan ƙullin silika na cikin kwalin takalmi. Kondensa shi ma a mayar da shi akwatinsa in an gama, ƙura da danshi in sun haɗu a kansa sai ya fara tsartsatsi.

Ƙiiit ɗin yatsa in ina canja kod, ya ake kashe shi?

Ba a kashe shi duka, wani ma yana ƙara wa abin rai. In yayi yawa ɗaga yatsa zaka koya maimakon ja, ka kau da makirfo daga wuya, ko ka sa wayoyi masu rufi irin Elixir. Sabbin wayoyi sun fi ƙara, shi yasa ake canja su kwana ɗaya ko biyu kafin ɗauka, su ɗan zauna su daina sauka. Tsofaffin da suka yi baƙi kuwa ba makirfon da zai dawo musu da murya. Ka yi tunin kafin kowane ɗauka, in ka sa kafo, abin matse wayoyi a wuya, ka sake yi. Fik siriri wajen 0.5 na shara, mai kauri wajen milimita 1 na tsinka ɗaya ɗaya, gwada su, bambancin ya fi na filogin da yawa. Sai cire agogo da zobe, rigar da maɓallinta ke bugun bayan jita, kujera mai ƙara, da metironom da ke tsiyaya daga hedfon.

Wayar hannu kaɗai gare ni, in haƙura?

Ko kusa. Sa ta a yanayin jirgi, jingine ta santimita 30 zuwa 50 daidai firet 12, gindinta inda makirfon yake yana kallonka, kar a ɗora ta a kan teburin da kake buga ƙafa. Yi amfani da manhajar ɗauka irin BandLab, ba bois not ba, in akwai rage hayaniya a saitin kashe shi dan yana ɗaukar jita a matsayin hayaniya ya riƙa cinye wutsiyar sauti. Ƙaramin rikoda irin Zoom H1n ma ya fi waya nesa. Les Filles de Illighadad na Nijar, faifansu na farko da Sahel Sounds ya fitar a 2016 a fili aka ɗauke shi a ƙauyensu da kayan tafi-da-gidanka, jita da murya, kuma shi ya kai su Turai. Fili in ba iska ya fi ɗakin siminti, ba bangon da zai dawo maka da sauti.

Me zai sa in wahala, ba ga sautin jita a fiyano ba?

Akwai shi, kuma yawancin waƙoƙin Hausa na situdiyo da shi ake yi, yana da sauri kuma ba ruwansa da ƙarar babur. In ɗan tsinke ne a bayan bit ba mai ganewa. Amma shara da zamiya da yadda hannu ke danne waya ya sake, fiyano bai iya su ba, duk bugu iri ɗaya yake fitowa. Ka saurari na Ali Farka Touré, faifansa na 1999 da aka kai masa kayan ɗauka har garinsu Niafunke a Mali, zakaji abin da nake nufi.

Wannan duk zai yi a kan gurmi ko garaya?

Makirfon zai yi, nisan taƙi ɗaya yana kallon fatar daga gefe kaɗan, ba daidai inda hannu ke sauka ba. Fikof na mannawa shi ma yana yi, kusa da inda tsirkiya ta hau, amma fata ta fi katako motsi dan haka ka rage gen sosai kuma ka gwada wurare kafin ka manne. Mai maganaɗisu sai in tsirkiyar ƙarfe ce. In da kalangu a wurin ka nisanta su ko a ɗauki kowa daban.

A wurin biki ko taro fa?

Fikof, ba tantama. Makirfo a gaban jita da manyan sifiku kuka kawai zai ta yi. Ko fikof ɗin ma in ya fara wuuu, toshe ramin da murfin roba da ake sayarwa dan haka, danna maɓallin fes ko ka murɗa noc, maɓallin yanke kuka, a jikin jitar har kukan ya ɗauke, kar kuma ka tsaya sifika na kallon cikin jitar. In miksa na nesa, DI sannan wayar makirfo mai baki uku, doguwar wayar jita ƙara take kwasowa.

Tawa bata zo da fikof ba, zan iya sa mata da kaina?

Na bakin rami da na mannawa ta waje, eh, minti biyar ne ba huji. Na ƙarƙashin birij kuwa sai an huda ƙaramin rami a mazaunin ƙashin, an faɗaɗa na gindi zuwa wajen milimita 12 dan soket, an kuma rage tsayin ƙashin daidai kaurin fiyezon, in ba haka ba wayoyi su yi sama. Wannan ka kai wa wanda ya saba gyaran jita ka ga aikin da ya taɓa yi, ba kafintan ƙofa ba. In jitar mai arha ce sosai ka fara lissafi tukuna, wani lokacin kuɗin fikof da na aiki sun kusa kai na wata ta hannu da ta zo da nata.